Karkiya Ɗaya, Wuya Biyu

A wani ƙauye an yi wani mutum manomi. Yana da gona babba a bakin hanyar kasuwa, yana da mata da 'ya'ya. Ba matalauci ba ne, ba kuma mai arziki ba. Ran Lahadi shi ne kan gaba a coci, in ana addu'a muryarsa ce ke danne ta kowa. Abin da yake taƙama da shi a duniya kuwa wani tsohon sa ne na huɗa, baƙi, mai faɗin ƙirji, wanda ya sa wa suna Goga.

Goga yana da ƙarfi, wannan ba a musu. Amma yana da wani mugun hali. Da zarar rana ta ɗan ɗaga ya ji zafi a gadon bayansa, sai ya durƙusa a tsakiyar kunya ya kwanta, garma na cikin ƙasa, aiki ya tsaya cak. Ba ciwo ba ne, ba kuma tsufa ba. Maigidan ne da kansa ya koya masa. Tun Goga yana ƙarami, ranar da ya fara kwanciyar nan, maimakon mutumin ya dage ya tashe shi su ƙarasa kunyar, sai ya ce ai shi ma ya gaji, ya tafi gindin tsamiya ya miƙe ƙafa. Da ya huta ya ishe shi, sai ya ɗebo harawa ya riƙa kaɗa wa san a hanci har ya tashi. Washegari aka yi haka. Aka sake yi. Dabba ba ta da hankalin mutum, amma ta san abu ɗaya: in na kwanta, harawa za ta zo. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har halin ya zauna masa kamar ƙahonsa. Abokin aikinsa, wani sa mai sanyin rai, shi ke tsayawa a rana, karkiya ta karkace a wuyansa, yana jiran Goga ya ga dama. Wata shekara ciwo ya kama shi ya mutu, aka bar Goga shi kaɗai. Garma kuwa ba ta jawuwa da sa ɗaya.

Matar mutumin nan sunanta Sisiliya. Tana da wani ɗan bijimi ja, wanda mahaifinta ya ba ta tun yana jinjiri, don uwarsa ta mutu wurin haihuwa, kowa ya ce ba zai rayu ba. Ita ta raya shi. Ta dama masa kunu mai ruwa-ruwa ta ba shi a ƙwarya, ta kwantar da shi kusa da murhu lokacin sanyi, ta cire masa kaska da farcenta, ta yi masa yankan ciyawa da goyo a bayanta. Ta sa masa suna Kyauta. In ta dawo daga rafi, tun daga nesa yake gane takunta ya fara kuka. Yanzu ga shi ya isa aiki, kuma da shi gidan duka ya dogara. In Kyauta ya koyi huɗa, za a noma gonar nan a kan lokaci, yara su ci su ƙoshi. In bai koya ba, sai hannu da fartanya, gonar kuwa ta fi ƙarfin hannu.

To, yadda manoma ke horon sabon sa shi ne wannan. Ba a koya masa da baki, ba a koya masa da bulala. Kafin ruwa ya sauka, ana ɗaura masa karkiya ɗaya da tsohon sa wanda ya san aiki, a ɗaura musu gungumen itace su yi ta ja, safe da yamma. Inda babban ya taka, nan ƙaramin zai taka. Inda ya juya, nan zai juya. Ranar farko yana turjewa, daga baya sai ka ga tafiyarsu ta zama ɗaya. Kowane manomi ya san haka. Har matan da ba su taɓa riƙe garma ba sun sani.

Mutumin nan yana da ƙane, Irmiya, gidansa na nan kusa. Irmiya yana da wani tsohon sa fari mai suna Lumana, wanda ba ya buƙatar a ɗaga masa murya ma, balle tsumagiya. In ya kama kunya sai ya kai ta ƙarshe. Wata safiya Irmiya ya shigo gaisuwa, ya tarar da Sisiliya tana ba Kyauta dusa da kanwa. Da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ya ce mata, matarmu, wannan ɗan naki ai ya fi mijinki ƙiba, da alama shi ake ba naman miya. Ta ce masa in ƙibar yake so ya kawo wuyansa ta ɗaure shi a turke, dusa ba ta ƙare ba. Suka yi dariya. Sannan ya juya wurin wansa, ya rage murya, ya ce:

"Yaya, ka ba ni Kyauta ya yi horo da Lumana. Kafin ruwan shuka zan dawo maka da shi yana tafiya kamar an ja zare. Goga kam ka san halinsa."

Mutumin ya ajiye ƙwaryar kunun da ke hannunsa. Ya dubi ƙanensa sama da ƙasa.

"Ni na koya maka riƙon garma, Irmiya. Yau kai ne za ka hore mini sa? Mene ne halin Goga? Faɗa mini in ji."

Irmiya ya ce ba da wata manufa ya faɗa ba. Ya ba da haƙuri, ya yi sallama ya fita.

Gaskiyar maganar, ba don Goga mutumin ya ji zafi ba. Ya daɗe yana jin maza a ƙofar coci bayan Misa suna yaba kunyoyin Irmiya, wai in ka tsaya a wannan baki kana hango wancan, babu karkata. Duk lokacin da aka faɗa sai ya yi murmushi, hassada kuwa tana cinsa. Yanzu kuma a ce ƙaramin ne ya hore wa babban sa? Ya gwammace kome ya faru.

Sisiliya ta yi magana. Ta yi da lallashi, ta yi da kuka, ta yi da faɗa. Ta tuna masa yadda wancan san da ya mutu ya sha wahala. Ta ce in kunya yake ji, ita za ta kai bijimin da kanta, a ce ita ta nace. Shi kuwa ya ce Goga dattijo ne, yana da haƙuri, ba ya gaggawa, irin wannan ake so yaro ya koya. Ya ce ita ce ba ta da haƙuri, yawan fushin nan nata zunubi ne, gara ta je ta faɗa wa Fada, limamin cocinsu. Ku ji fa. Wanda ya koya wa dabba ragwanci, shi ne yake tura wata wurin tuba.

Aka ɗaura wa Kyauta karkiya ɗaya da Goga.

Kwanakin farko, in Goga ya zube, Kyauta yakan tsaya da ƙafafunsa, yana ja, yana huci, yana waiwaye kamar mai tambaya me ya faru. Itacen karkiya ya karkata ya goge masa wuya har fata ta saluɓe. Da yamma Sisiliya ta shafa masa man kaɗanya, tana shafawa tana zagi cikin ranta. Amma kullum Kyauta yana gani: wanda ya tsaya, wuyansa ke ciwo, wanda ya kwanta, shi ake kawo wa harawa. Wata rana da hantsi, Goga ya durƙusa, sai shi ma ya lanƙwasa gwiwa a hankali ya kwanta kusa da shi. Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ka ga ɗan banza, ya fara wayo. Ya ɗebo harawa ya ba su dukansu biyu.

Sisiliya ba ta yi dariya ba. Ranar kasuwa, da mijin ya fita, ta kwance Kyauta ta kama hanyar gidan Irmiya. Ashe mutumin ya manta wani abu ya juyo. Suka yi kiciɓis a bakin rijiya, mata na ɗiban ruwa. A gabansu ya fizge igiyar daga hannunta, ya tambaye ta ko gidan nan maza biyu ne a cikinsa. Ta koma gida a bayansa, kanta a ƙasa, matan kuma suka yi kamar guga suke kallo.

A shekarar nan ruwa ya yi jinkiri. Da ya sauka, ya sauka da yawa, kowa ya bazama gona, don wanda bai yi huɗa a 'yan kwanakin nan ba damina ta bar shi. Mutumin ya fito da shanunsa da sassafe. Sisiliya ce ke gaba tana riƙe da igiyar hanci, shi yana baya da garma. Aka yi kunya ta farko, aka yi ta biyu, ƙasa na tsagewa baƙa ƙirin, tana ƙamshi. Har ta fara cewa a ranta ko Allah ya ji kukanta.

Sai rana ta ɗaga. A tsakiyar kunya, daidai bakin hanya, Kyauta ne ma ya fara durƙusawa. Goga ya bi shi ya zube, ya fara tuƙa.

Ran nan babu harawa, ta ƙare tun cikin bazara. Mutumin ya yi tsawa, ya ja wutsiya, ya yi fito. Ko gezau. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani ya ce musu sannunku da hutawa. Wani ya tambaya ko a kawo wa shanun tabarma da matashi. Aka yi dariya. Ana cikin haka sai ga Irmiya ya biyo hanya da shanunsa, ya gama gonarsa ta kusa zai wuce ta nesa. Ya tsaya, ya cire hula, ya ce in yaya ya yarda, zai shigo da Lumana yanzu su kama masa, tasa ta jira.

Da ma bai yi magana ba. Idon mutumin ya juye ya yi ja. Bai taɓa Goga ba, don Goga nasa ne, abin taƙamarsa ne, kuma ya san Goga yana tunkuyi. Kan Kyauta ya faɗa. Ya yi ta zabga masa tsumagiya har ta karye. Ya jefar, ya zaro fartanya ya juya ƙotar. Sisiliya ta saki igiya ta riƙe masa hannu, ya hankaɗe ta ta faɗi cikin kunya.

Abin da idona ba ya so ya gani ko a misali, shi ne wannan. Kyauta ya so ya tashi. Tun dukan farko ya yunƙura. Ya kafa ƙafafun baya, ya ɗaga gindi, yana kuka. Amma wuyansa na ɗaure da wuyan Goga, Goga kuwa yana kwance da nauyinsa duka, yana tuƙarsa, ko kunne bai kaɗa ba. Duk yunƙurin da ƙaramin ya yi, karkiya ta mayar da shi ƙasa. Mutumin kuma yana duka yana cewa tashi, tashi, ragon banza. Ana haka ƙafar gaba ta harɗe ƙarƙashin itacen, ƙota ta sauka a kanta. Har waɗanda ke kan hanya sun ji ƙarar ƙashin.

Dariya ta ɗauke. Irmiya ne ya ruga ya kwance igiyar karkiya. Da aka kwance, Goga ya miƙe da kansa, ya yi miƙa, ya nufi gefen gona yana kiwo.

San da ya karye a ƙafar gaba ba shi da sauran aiki. Kafin rana ta faɗi an kira mahauci. Sisiliya ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Kyauta a cinyarta, tana kore masa ƙuda, har mahaucin ya ce ta yi haƙuri ta matsa. Da suka koma gida mutumin ya zauna yana huci, ya ce da ma shi ya san ba za a yi abin kirki da san nan ba, ragwanci a jininsa yake, irin shanun gidansu ne. Ta tsaya a bakin ƙofa, laka har yanzu a zanenta, ta ce:

"Maigida, da na karɓo shi daga gidanmu ko tsayuwa bai iya ba, balle kwanciya a kunya. A gidan nan ya koya. Ya so ya tashi, kana gani. Wa ya ɗaure shi da abin da ba ya tashi?"

Ya ce ta kawo masa ruwan wanka.

Gonar da hannu aka noma abin da aka iya, a makare. Rabinta ciyawa ta cinye. Tun kafin wata damina rumbu ya yi ƙasa, yaran suka koma cin abinci sau ɗaya. Mutumin ya je wurin Fada, ya dawo yana faɗa da bakinsa wai ya furta cewa ya yi fushi ya bugi dabba, an yafe masa, magana ta ƙare. Goga yana nan a turke, ana ba shi dusa. Da kaka ta yi, aka ji mutumin yana cigiya a gari, wai yana neman ɗan bijimi mai lafiya, zai hore shi da Goga.

To, iyaye maza da mata, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Kyauta 'ya'yanmu ne. Karkiya ita ce zaman gida, wannan ci tare da kwana tare da ba wanda ya tambayi yaro ko yana so. Goga kuwa shi ne mugun halin da muka yi kiwonsa a jikinmu shekara da shekaru, muna ba shi harawa, har muka daina ganinsa a matsayin zunubi, muka sa masa suna mai daɗi. Manomin, kowa ya duba ya ga ko shi ne.

Ikilisiya ta koya mana cewa mugun hali ba rana ɗaya yake shiga ba. Zunubi ɗaya ne ake yi, a sake yi, a sake yi, har ya zama ba ka ma jin nauyinsa. Haka kuma halin kirki. Ba a wayi gari da shi, yi ake yi, a maimaita, da taimakon alherin Allah, har ya zauna. Yaranmu suna zuwa aji, katekis, malamin coci, yana koya musu manyan zunubai bakwai, suna rerawa kamar waƙa: girman kai, rowa, sha'awar jiki, hassada, haɗama, fushi, ragwanci. Sun haddace tsaf. Katekis yana da su na ɗan lokaci ran Lahadi. Sauran kwanakin fa, da wuyan wa aka ɗaure su? Yaro ba abin da ya rera yake zama ba, abin da ya taka kullum yake zama.

An ce da waɗannan bakwai manya ne domin haihuwa suke yi. Ku dubi mutumin nan. Ragwanci ne ya fara, a gindin tsamiya, abu kaɗan, ba wanda zai kira shi zunubi. Girman kai ya zo ya tsare masa ƙofa don kada a gyara. Hassada ta zauna a ciki tana hura wuta duk Lahadi, a ƙofar coci ma, tun gurasar Jikin Ubangiji da ya karɓa ba ta gama narkewa a bakinsa ba. Fushi shi ne auta, shi ya zo ƙarshe ya ɗauki ƙota. Da ya je tuba kuwa, autan kaɗai ya kai. Uwar da uban ya bar su a gida suna cin dusa. Wannan wace irin tuba ce? Fada ba zai kwance abin da ka ɓoye a turke ba. Wanda ya furta ba tare da niyyar sakewa ba, wa yake ruɗi? Allah?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunayen da muke sa wa abubuwan nan. Uba ya ga ɗansa ya fara bin masu shaye-shaye, ya kasa buɗe baki don shi ma yaron yake aikawa ya sayo masa giya, sai ya ce haƙuri yake yi. Wannan ba haƙuri ba ne, ragwanci ne ya yafa mayafin haƙuri. Mai haƙuri na gaske shi ne wanda rana ta ɗaga, bayansa na zafi, bai saki garma ba sai ya kai bakin kunya. Wani ya hana matarsa da yara abin da ya wajaba, ya ce tattali. Wani ba a isa a gaya masa gaskiya ba, ya ce mutuncinsa yake karewa. Mu mata ma kada mu gyara zama muna kallon maza. Uwa ta fito daga Misa, tun ba a kai gida ba ta gama gulmar wata, daga zanenta da ɗankunnenta har mijinta, 'yarta na biye da ita tana riƙe da jaka, kunne a buɗe. Maƙwabciya ta yi sallama, a ce wa yarinya je ki ce ba na nan. Yaron ya zagi babba, a yi dariya a ce ya fara wayo. Bayan 'yan shekaru yarinyar ta yi miki ƙarya a kan inda ta je, ki ɗauki muciya. Yaron ya zage ka a gaban mutane, ka ce ba ka san inda ya samo ba, jinin dangin uwarsa ne. Ka sani. Kin sani.

Ni uwa ce. In na ga samarin nan namu a bakin hanya ido ya yi ja, suna tangaɗi da rana tsaka, gabana faɗuwa yake yi, don na san uwayensu, na san ranar da aka yi musu baftisma da farin zane. Ba haka aka haife su ba. Kuma na ga waɗansu suna son su tashi. Yaro zai je taron matasa ya dawo da zafinsa, ya ce ya daina, ya fara zuwa Misar safe. Ya shigo gida ya tarar da abin da ya bari yana nan kwance a tsakar gida, yana tuƙa. Sati biyu ba a yi ba ya koma ƙasa. Sai mu taru mu ce ba ya ji. Ba cewa nake yi yaro ba shi da nasa laifi ba, yana da shi, in ya yi hankali zai amsa nasa a gaban Allah. Ba kuma cewa nake yi kada a tsawata ba. Amma wanda ya sa ƙarami tuntuɓe, nasa hukuncin ba ƙarami ba ne, kuma dukan da ka yi wa yaron ba zai rage maka kome ba.

Kada kuma wani ya ce kowane fushi ɗaya ne. Sisiliya ta yi fushi, mijinta ya yi fushi. Nata ya tashi ne don ta ga ana lalata abin da Allah ya ba ta amana, ya sa ta magana, ya sa ta kama hanya don ta cece shi. Nasa ya tashi ne don an yi masa dariya, ya kuma sauke shi a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Ku lura, bai bugi Goga ba. Fushin zunubi kullum ya san wanda zai zaɓa.

Me zai ceci Kyauta? Ba wani abu mai wuya ba ne. Da mutumin yana da hankalin da ke duban abu ya kira shi da sunansa, da ya ce san nan nawa ya lalace, ni na lalata shi. Da yana da adalci, da bai ɗora wa ƙarami laifin babba ba. Ƙarfin hali da kamun kai, su ne za su sa ƙafa ta ƙarasa kunya, su sa hannu ya tsaya a sama kafin ƙota ta sauka. Amma ƙofar da duk waɗannan za su shigo ta ciki ita ce tawali'u, kuma a ranar nan tawali'u magana ɗaya ce tak: Irmiya, ka fi ni a nan, ɗauke shi. Da ya faɗi haka, da ba a kira mahauci ba. Allah bai bar kowane gida babu Lumana a kusa ba. Akwai uban baftisma da uwar baftisma, waɗanda muka mayar 'yan cin shinkafar biki kawai. Akwai kakar da ba ta fasa addu'a, akwai ƙanen da ya fi ka natsuwa, akwai maƙwabcin da kake jin haushinsa don gidansa lafiya. In ka san akwai abin da ba za ka iya koya wa ɗanka ba don kai ma ba ka da shi, ka sauke kai ka kai shi inda zai gani. Ba a mutuwa don an ce ƙane ya fi wa.

A wuri ɗaya ne misalin nan ya gaza, kuma na gode wa Allah da ya gaza. Goga dabba ne, ba zai tuba ba, har ya mutu haka zai kwanta. Mu ba dabbobi ba ne. An zuba mana bangaskiya da bege da ƙauna tun ranar baftisma, ba mu saya ba. Ubangiji Yesu bai ji ƙyamar sa wuyansa kusa da namu ba, shi da ba ya kwanciya a tsakiyar kunya. Halin da ya yi shekara talatin a jikin mutum yana iya fita, amma ba da kuka na rana ɗaya ba. Sai ka kai uwar zunubin wurin Fada, ba autan ba. Sai ka daina ba ta harawa. Yau ka ƙi, gobe ka ƙi, ranar da ka faɗi ka tashi ka koma, har sabuwar tafiya ta zauna maka a ƙafa. Yadda mugun ya shiga, ta nan na kirkin zai shiga.

Saboda haka kafin ka ɗaga hannu a kan yaron nan, kafin ki ce kin gaji da yarinyar nan, ku sunkuya ku dubi ɗaya gefen itacen. Ku ga wane ne kwance a wurin. In kai ne, yaron ba duka yake jira ba. Jira yake ka tashi, don shi ma ya samu ya miƙe.